Ƙeyar Mardiya

Hadayek Ma'adi, Alƙahira

Zahra tawa, abokiyar faɗa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Inna, ya mutanen Haɗeja? Ki gaida min 'yan guruf ɗinmu kaf, har masu karanta saƙo su yi shiru kamar ba su gani ba. Kin ce kar in ƙara turo miki murya, wai tana cinye miki data. To ga rubutu nan, ki sha karatu. Amma ki nemi wuri ki zauna tukuna, don maganar ba ta tsaye ba ce. Ina jin na ga dangina. Ba ku ba, waɗancan, na ɓangaren da ba a magana.

Bari in faro miki daga farko. Kin san tunda matar Yaya Ja'afar ta yi arba'in hannuna ya sake, na samu aiki a wani ɗan gidan abinci na 'yan Malesiya a Darrasa, bayan masallacin Azhar. Nan Malizi ake ce musu. Ɗalibai ne yawancinsu, ga sanyin hali, in suna magana kamar kar su tashi wani daga barci. Shinkafa suke dafawa da madarar kwakwa, tururin ya cika kicin, ni ina ciki ina yanka albasa kamar wadda ke zaune a cikin gajimare.

To akwai wata 'yar taga da muke miƙa faranti. Ran nan da azahar na leƙa, samarin sun jeru a wurin wanke hannu, duk sun ba ni baya. Zahra, ƙeyoyi na gani. A shafe, faffaɗa, kamar an daidaita su da tafin hannu. Sai na kai hannu na shafa tawa ta saman hijabi. Wallahi sai da na ajiye wuƙa.

Ke kika fara ce min Faifai a firamare, kar ki yi musu. Ɗankwali ba ya zama min, mai kitso kullum cikin mita wai ba ta da inda za ta sauke jela. Duk gidanmu ku masu doguwar ƙeya ne, ni kaɗai na fita zakka. Kuma ke ma kin san abin da aka ba ni game da ubana bai cika cokali ba. Umma ta dawo daga Makka da cikina, ta haife ni, ban shekara ba ta rasu. Sunansa Harun. Khalas, shi ke nan. Ba hoto, ba sunan gari. In na tambayi Inna, ita da take yayar Umma kuma ta raine ni, sai ta miƙe wai tuwo zai kama. Tsohuwar nan mai daddawa ce kaɗai ta taɓa ce min, yarinya ubanki ai ba ɗan ƙasar nan ba ne. To Makka wace ƙabila ce babu?

Yanzu ga inda abin ya yi daɗi. Akwai wata Lina, 'yar Malizi ce mai karatun likita, tana zuwa wurinmu da wani ƙarfe kamar awartaki mai lanƙwasassun baki. Kawunan mutanensu take aunawa don binciken makaranta. Ita tana auna mata a ɗakin baya, wani ɗan ajinsu yana auna maza. Na tambaye ta da guntun Larabcina, ta amsa da guntun nata, wai hular kwano da gilashin ido da ake kawo musu an yi su ne da awon kan wasu mutane, suna matse su ta gefe. Shi ne suke so a san awon nasu.

Na ce mata nima ki auna ni. Ta yi dariya ta rufe baki, ta ce tamam, ba damuwa, wani satin.

Tun ranar ban dawo daidai ba. A jirgin ƙasa na metro sai in kunna bidiyon ƙauyukansu, ruwa yana sauka kan ganyen ayaba, gidajen katako a kan dogayen ƙafafu. Har tashata na wuce sau ɗaya. Kar ki faɗa wa Inna tukuna.

Taki har kullum,
Mardiya

*

Haɗeja

Faifai,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, 'yan guruf suna amsawa.

Na karanta, na yi dariya har na ƙware. Ke da in aka ɗauke wuta sai an kira sunanki ake gane inda kike, ke ce 'yar Malesiya? Ki turo min hotonki kusa da Linar nan in gwada. Kuma in dai shafaffiyar ƙeya ce shaida, ai mai gyaran keke na bakin kasuwa ma ɗan uwanku ne, sai ku tafi da shi.

Amma bari in bar wasa. Kin ce kar in faɗa wa Inna, to dariyar ce ta tona. Ta ce me ake yi wa dariya, na karanta mata, ina tsammanin za ta taya ni. Tana tsince shinkafa. Da na zo wurin da kika ce kin shafa ƙeyarki kin ajiye wuƙa, sai hannunta ya tsaya a cikin tire. Ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta bar shinkafar a tsakar gida, kaji suka yi biki.

Ni ban san komai ba, kin san watanni ne tsakanina da ke. Amma na san fuskar uwata. Ki bi a hankali, Mardiya. Ke in kika sa abu a rai sai kin gina masa gida kin sa labule kafin ki tambaya ko filin naki ne.

Ki gaida Yaya da matarsa da jaririya. Kuma hijabin da kika ce kin saya min tun azumi, a jirgin raƙumi yake tahowa?

'Yar uwarki,
Zahra

*

Hadayek Ma'adi

Zahra,

Sallama da gaisuwa. Baƙin ai na Umma ne, kai kuma na uba, kowa ya ba da nasa. Ki bar ni da mai gyaran keke.

An auna ni.

Bayan la'asar ne, an rage mutane. Muka shiga ɗakin baya inda ake ajiye buhunan shinkafa, na cire hijabi na zauna a kujera. Ta ce in kalli gabana kar in motsa. Akwai wata taga a sama, ta nan nake hango tattabaru suna kewaya hasumiya, su tafi su dawo, su tafi su dawo. Ta ɗora bakin ƙarfen ɗaya a tsakanin girata, ɗayan a ƙeya. Sanyinsa ya ratsa ni. Wannan tsawo ke nan. Ta juya shi ta kama gefe da gefe, saman kunnuwa, wannan faɗi. Hannunta ba nauyi, kamar mai taɓa ƙwai. Ban san dalili ba, hawaye suka zo min. Ina jin tunda na girma, ban da mai kitso, ba wanda ya taɓa riƙe kaina, ita kuwa mai kitso ja take yi.

Ta danna lissafi a waya. Wai faɗin ake rabawa da tsawon, a ninka sau ɗari. In abin ya haura tamanin, kan mai faɗi ne. Nawa tamanin da shida. Ta juyo min da wayarta ta nuna min na 'yan matan da ta auna, ga su nan birjik kusa da nawa. Zahra, na ga lambata a tsakiyar nasu kamar yarinya a hoton gida.

Da na fito ban hau mota ba, da ƙafa na bi ta cikin masu littattafai. Komai ya yi laushi. Ina tafe ina ganin wata tsohuwa a baranda ta katako, ruwa na zuba, tana kankare kwakwa, ta ɗago ta ce min kin daɗe a hanya. Har sunan da zan kira ta na koya, nenek, wato kaka.

Ga shawarar da na yanke. Zan yi bidiyo. Zan riƙe hoton Umma, wanda ta ɗauka a Makka da baƙar abaya, in faɗi sunanta da nasa da shekarar, Lina ta juya min da yarensu. Mutanen nan akwai su da yaɗa abu, kwana kaɗan ya zaga ƙasarsu. In yana raye zai gani. In ba ya raye, wani nasa zai gane fuskarta. Na ma ɗauka sau uku, na ukun ya yi kyau, yana nan a ajiye.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya min. Lina ba ta yi murna yadda na so ba. Ta riƙe hannuna ta ce, ma'alish, wato yi haƙuri, ya Mardiya, ƙarfen nan kai yake aunawa, ba ya faɗin uban mutum. Wai kan jariri kamar danyen yumɓu ne, jini yana da nasa rabo, makwanci ma yana da nasa. Su a wurinsu jariri a rigingine yake kwana, wasu a cikin zani da ake ratayewa kamar lilo. Ta ce ta ga matanmu a nan Alƙahira da yara a baya, kuncin yaro manne da bayan uwa, ƙeyarsa ba ta taɓa komai. Sai ta ce, ke wa ya goya ki?

Na buɗe baki in ce Inna, sai na ji ban tabbata ba. Ke akwai hotonki a bayan Inna, da majanyin saƙi. Ni fa? Duba min cikin hotunan gida.

Hijabinki yana nan, ki daina gori.

Mardiya

*

Hadayek Ma'adi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna ina wuni, ya ƙafa, ya hidimar gida? Yaya Ja'afar da iyalinsa suna gaishe ki, jaririya ta fara dariya.

Inna, Zahra ta ce ta juye akwatin hotuna ba ta ga inda aka goya ni ba. Ta kuma ce kin ji maganar bidiyo, kin ce a faɗa min kar in kuskura in sa fuskar 'yar uwarki a waya duniya ta kalla. Na ji, kuma ban sa ba. Ban taɓa tsallake maganarki ba, ke kika raine ni, ban san wata uwa ba sai ke.

Amma Inna ki duba min. Kowa in an ce gidan su wa, sai ya nuna hannu biyu, nan dangin uwa, nan dangin uba. Ni hannu ɗaya nake nunawa, ɗayan in ɓoye shi a hijabi. Yanzu na ga mutane masu irin kaina, zuciyata ta tafi wurinsu ta zauna, na kira ta ta ƙi dawowa. In ba nawa ba ne, a faɗa min, in daina yi musu kallon 'yan uwa. In kuma nawa ne, a bar ni in neme su.

Ba rashin kunya nake yi ba. Abu biyu kawai nake tambaya. Wane ne Harun, kuma wa ya goya ni? Bidiyon yana hannuna, ba zan taɓa shi ba sai na ji daga gare ki. Amma in kika ce tuwo zai kama, Inna, wannan karon ban san me zan yi ba.

Ki yafe min in na ɓata miki.

'Yarki,
Mardiya

*

Haɗeja

Zuwa ga 'yata Mardiya,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da yayanki da iyalinsa. Da hannuna na rubuta wannan, Zahra za ta ɗauki hotonsa ta aiko miki. Ki yi haƙuri da rubutun, ido ya ja baya.

Ubanki ba Bajawe ba ne, mu haka muke kiran mutanen da kike magana. Bahaushen Sudan ne, daga wani gari Maiwurno, cikin jikokin mutanenmu da suka tafi hajji da ƙafa suka zauna a hanya. Tura keken tsofaffi yake yi a Harami. An ɗaura musu aure da shaidu, sadakinta da ɗan kunnen da ta saya da shi duk na gani. An kama ta ba takardar zama, aka sako ta jirgi da cikinki, shi yana wurin aiki bai sani ba. Ya aiko saƙo ta hannun alhazai shekarar farko da ta biyu, daga nan shiru. Ko yana raye, Allah ne masani. Ban taɓa ganinsa ba. Uwarki ta roƙe ni kar a zage shi a gabanki, ni kuwa a lokacin ba ni da abin faɗa a kansa sai zagi, shi ya sa na kama bakina. Da zafin ya wuce, shirun ya riga ya zame min jiki.

Da doguwar ƙeya aka haife ki. Uwarki Nana Khadija tana ganinki ta yi dariya ta ce, ta kwaso kan ubanta, shi ma hula ba ta zama masa.

Amma haihuwar ta taɓa mata baya. Ƙafafunta suka riƙe, ba ta ƙara tsayawa a kansu ba. A ɗakina ta kwanta, gefen taga. Kin san mace da ɗanta, ana yin arba'in sai goyo. Ranar da ta ga na ɗaura Zahra a baya ina shara, ta juya fuska bango. Da yamma ta ce min, Yaya, tunda bayana ya ƙi, a hannu zan goya ta.

Haka ta yi. Ta shimfiɗa hannunta a kan tabarma, ta kwantar da ke a rigingine, kanki a tafinta. Safe da rana da dare. In an ɗauke ki wanka, hannun yana nan a buɗe har a dawo da ke. Duk wadda ta zo da zani ta ce kawo ta in goya miki, sai ta ce bari ta ƙara kaɗan. Ungozoma ta zo da ruwan ɗumi da tsumma za ta gyara miki kai kamar yadda ake yi, ta yi faɗa ta ce Khadija za ki shafe wa yarinya ƙeya, ki riƙa juya ta. Uwarki ta ce a bar ta, in ta girma ta san inda ta kwana. Hannun yakan mutu mata, sai in ɗaga ki in murza mata shi da man shanu, jini na dawowa ta ce mayar min da ita.

Tana yi miki hira, ke kina kallon rufin ɗaki. Ta ba ki labarin Makka kaf, da na Harun, da abin da ni ma ba ta faɗa min ba. Ke aka faɗa wa komai, Mardiya, sai dai a lokacin ba ki da wayo.

Wata bakwai kuka yi a haka. Bayan rasuwarta na ɗaura ki a baya, kika ƙi. Kika yi ta kuka har muryarki ta dushe, sai da na kwantar da ke na sa tafina a ƙarƙashin kanki. Nawa bai yi miki daidai ba, amma kika haƙura. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu, ba wanda ya goya ki a baya. Uwarki ta riga kowa.

Maganar hoto, na hana ne don ita mace ce mai kunya, ko a biki bayan ƙofa take zama. Amma uwarki ce, hoton naki ne. Abin da kika ga ya dace ki yi, ba zan yi fushi ba.

Ki gaida yarinyar nan mai awo. Ta yi tambaya mai kyau. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan Nana Khadija.

Innarki,
Nana Fatima

*

Hadayek Ma'adi

Zahra,

Salam. Ki ce wa Inna na karanta, zan kira ta in muryata ta dawo.

Na goge bidiyon, duka ukun.

Jiya ban je aiki ba. Na kwanta a ƙasa da rana, na sa hannuna a ƙarƙashin kaina. Zahra, ya zauna. Kamar murfi da tukunyarsa. Ban jima ba hannun ya fara mutuwa, na ƙi cirewa, ina so in ji inda ta kai. Ban kai ko'ina ba.

Tsohuwar baranda mai kwakwa ta tafi, na ɗan yi kewarta, ba zan ɓoye miki ba. Yau na leƙa ta tagar faranti, samarin sun jeru kamar kullum. Ƙeyoyinsu ne, na mutane, Allah ya bar musu.

A ƙasan benenmu akwai wata dattijuwa 'yar Sudan mai sayar da turaren wuta, tana wata irin Hausa kamar ta kakanni. Kullum ta gabanta nake wucewa da gudu in kama metro. Ɗazu na tsaya. Sunan Maiwurno yana bakina, amma sai na ce a ba ni turare na sandal. Ta ƙulla min, ta dube ni ta ce, 'yar wa ce ke? Na ce gobe zan dawo in faɗa miki, Hajiya.

Ke kuma ki kai hannu ki shafa taki ƙeyar, ki ce 'yan guruf ma kowa ta shafa tata, ku faɗa min wa ya goya ku, da wane zani. Ina so in ji.

Taki,
Mardiya 'yar Nana Khadija